Yadda Aka Auna Ciwon Yaya da Tsinken Tsintsiya

Yayata ta shekara talatin da ɗoriya tana tuyar ƙuli-ƙuli a ɗaki guda, ɗakin da ba shi da taga sai wata 'yar kafa wadda ko ƙadangare sai ya yi azumi kafin ya bi ta cikinta. In ka shiga da farar riga ka gaishe ta, da ka fito sai a ɗauka daga marina kake. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, shi ya sa har yau, da furfurata da tumbina, Auta take kirana a gaban 'ya'yana. Da ta fara tari ba wanda ya ɗaga kai, don a Tanut kowace mai tuya tana da tarinta kamar yadda take da kaskonta. Sai da tarin ya fara zuwa da jini aka kai ta likita. Aka ɗora ta kan maganin tarin fuka, ta sha wata da watanni har ta ce ƙwayoyin da ta haɗiya sun isa a shuke gona, tari yana nan inda yake. Majon likitarmu, wato babban ma'aikacin jinya na asibitin garin, mutum ne mai tsoron Allah, ya ce abin ya wuce saninsa, ya rubuta takarda zuwa Damagaram.

A nan wan mijinta ya shigo zancen, kuma dole in tsaya in gabatar da shi, don in na bar shi ya gabatar da kansa ba za mu gama yau ba. Ya yi aiki a sarwis na dabbobi, yana bin rugage daga Gangara har Belbeji yana yi wa shanu allura. Duk ilimin likitancinsa a gindin wutsiyar saniya ya fara, a nan kuma ya ƙare. Amma tun da wani makiyayi ya kira shi Lokotoro, wato dakta, a wata shekara, ya riƙe sunan kamar gonar gado. Ya ajiye aiki, bai ajiye farar rigar ba. Alƙalami uku ne a aljihunsa, ban taɓa ganin ɗaya ya yi rubutu ba, ga tabarau da yake sawa in zai yi magana, ya cire in zai yi karatu. Zaurensa ya mayar ɗakin duba marasa lafiya. In ka ce kanka ke ciwo ya ce hanta ce, in ka ce ƙafa ya ce hanta ce, in matarka ta yi yaji ma na tabbata hanta ce. Ni bai taɓa kirana da sunana ba sai "mai tiya", saboda awon hatsi nake yi a kasuwa tun ina saurayi, kuma a ganinsa wanda ke durƙuso gaban buhu bai isa ya sa baki a zancen masu alƙalami ba.

Mijin Yaya kuwa manomi ne salihi, irin wanda in wansa ya ce masa jaki ƙwai yake yi, sai ya je ya share masa akurki. Don haka da aka zo maganar wa zai raka ta, ba a ma yi shawara ba. Lokotoro ke jin Faransanci. Nawa Faransancin bai wuce in gai da jandarma in ba shi haƙuri ba.

Abin da ya faru a tafiyar farko daga bakin Yaya na ji shi. A Damagaram aka kwantar da ita kan wani allo, aka tura ta cikin wani ƙaton zobe kamar bakin rijiya da aka jingine, aka ce ta riƙe numfashi. Ta ce mai tari ake ce wa ya riƙe numfashi, ai sai ikon Allah. Wannan na'urar ita ce sikana, mai ɗaukar hoton cikin mutum. Aka ba su babban ambulan, a ciki da baƙaƙen hotuna masu faɗin faranti, kowanne an rarraba shi 'yan tagogi, da takarda guda, da wani faifai mai ƙyalli irin wanda ake sa wa'azi ko waƙa a ciki. Daga nan aka tura su Yamai. A can aka ciri ɗan nama da allura aka duba, aka ce ciwon daji ne a huhun dama. Aka fara mata maganin da ake kira shimiyo, wanda ake sawa ta ƙarin ruwa duk bayan mako uku. Lokotoro ya kwana huɗu ya dawo, ya bar ta a gidan wata 'yar garinmu, ya zo da ambulan a hammata kamar wanda ya ciwo yaƙi. Wata guda ba a yi wata hira a zaurensa ba sai yadda likitocin Yamai suka riƙa neman shawararsa.

Bayan zagaye uku aka ba ta hutu ta zo gida, da sharaɗin ta sake shiga sikana a Damagaram, ta koma Yamai ranar randebu, wato ranar da likita ta sa mata. Damina ta yi nisa lokacin, hatsi ya fara ido. Da na gan ta da ƙyar na gane ta. Matar da ke ɗaga kasko da hannu guda ta koma kamar karan da aka cire wa ganye. Gashi ya zube, ta ɗaure kai da kallabi biyu, ko ƙanshin man gyaɗa ta ji sai amai. Na ce mata ashe Yamai rage kaya ake yi, da na sani da na ba ta tumbina ta tafi da shi. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na yi nadamar buɗe bakina.

Mijinta ya kai ta Damagaram aka yi hoto na biyu, suka dawo da wani ambulan. Bai ko shiga gidansa da shi ba, zauren wansa ya wuce. Washegari da hantsi Lokotoro ya tara dattawan unguwa, ya aiko a kira ni, ba don yana son ra'ayina ba, don dai dangin mace su ji hukunci. Na same shi tsaye a bakin ƙofa inda haske yake, ya sa farar riga, ya ɗaga tsohon hoto yana kallo yana kaɗa kai kamar mai duban wata. Ya nuna mana wani farin tabo a ɗaya daga cikin tagogin, ya ce wannan shi ne ciwon. Sai ya sunkuya ya zari tsinke daga tsintsiyar zaure, ya ɗora a kan tabon, ya datse shi da farce daidai tsawonsa. Ya ɗauko sabon hoton, ya nemo tabon, ya ɗora tsinken. Tabon ya zarce tsinken da kamar faɗin farcen ƙaramin yatsa.

Ya zaga da hoton da tsinken gaban kowane dattijo, kowa ya leƙa ya yi salati. Sannan ya yanke hukunci. Wai ciwon ya ƙaru, maganin Yamai ciyar da shi yake kamar dusa, shi dama ya gaya wa likitocin can ba su ji ba. A bar baiwar Allah ta huta a ɗakinta, a nemo mata nonon raƙumi, shi zai haɗa mata wani abu na hanta. Mijin Yaya ya sunkuyar da kai yana share ido da bakin rawani. 

Ni abin da ya riƙe min ido daban ne. Shekara talatin ina kallon tiya, kuma tiyar ƙarya ba ta taɓa zuwa da rubutu a goshi. A kasuwar Ollelewa na ga mutumin da ke sayen hatsi da tiya mai ciki kamar randa, ya sayar da wadda ko kaza ba za ta ƙoshi da ita ba, duka biyun fenti ɗaya. Mu abin da muke fara yi, kafin a zuba ko ƙwaya, shi ne a kifa bakin wannan kan bakin waccan. Na roƙi a ba ni hotunan. Lokotoro ya miƙo yana murmushi, ya ce wa jama'a mai tiya zai duba mana. Na nuna wani farin dunƙule a ƙasan tagar na tambaye shi mene ne. Ya gyara tabarau ya ce ƙashin baya ne, ya ƙara da sunansa na Faransanci don in san matsayina. Na zari nawa tsinken, na auna ƙashin bayan a tsohon hoto, na ɗora a sabo. Shi ma ya zarce tsinken. Na auna faɗin ƙirjin gaba ɗaya da tsinke mai tsawo, shi ma haka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Yaya ta rame har zobe na faɗuwa daga yatsanta, amma a hotonka ƙirjinta ya ƙaru, ƙashin bayanta ya ƙaru. Ko dai ta yi ƙiba ba mu sani ba, ko kuma tiya biyu ce a hannunka."

Mutum mai kunya da nan zai nemi wurin zama. Shi ko gezau. Ya ce ciwon daji kumbura ƙashi yake yi, ya sha ganin haka a shanu. Na tambaye shi saniya nawa ya tura cikin sikana. Wani dattijo ya ce in ji tsoron Allah, ana zancen rai ina wasa. Ka ji mutanenmu. In gaskiya ta fito daga bakin mai barkwanci sai a ce raha ce, in shirme ya fito daga farar riga sai a ce amin. Aka tashi a kan maganarsa. Ni dai da zan fita na naɗe ambulan biyun na sa a hammata, ya ce ina zan kai su, na ce huhun 'yar uwata ne, zan kai mata abinta.

Na same ta a tsakar gida, kwance kan tabarma a inuwar dalbejiya. Labari ya riga ni, don a unguwarmu magana ba ta bin ƙofa, katanga take tsallakawa. Na zayyana mata zancen tsinke da tiya, na ƙara gishiri yadda na saba, har na ce ƙashin bayanta a hoton ya kai na raƙumi. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ba ta damu da wan mijinta ba, ta san shi tun yana satar ƙuli a kaskonta da sunan ɗanɗano. Abin da ya dame ta maganin ne. Ta ce duk zagaye sai ta ji kamar an zuba mata garwashi a jijiya, kwana biyar ba ta san inda kanta yake ba, kuma da a ce ta san yana cin ciwon da ta daure, amma ba za ta ƙone a banza ba, a garin mutane, nesa da jikokinta.

Sannan ta tashi zaune da ƙyar ta ce, "Auta, zan koma, amma kai za ka raka ni. In likita ta ce abin ya ragu, na zauna a ci gaba. In bai ragu ba, ka dawo da ni ɗakina, kar wanda ya sake kira min Yamai. Kuma abin da ta faɗa shi za ka faɗa min, ba ƙari. Na san bakinka, kai ko akuya ka gani sai ta zama sa kafin ka iso gida."

Na ce mata na ji. Ta ce ba ji take so ba, in rantse. Na rantse.

Tafiyar Yamai ba sai na ba da labarinta ba, wanda ya yi ta ya sani, wanda bai yi ba ba zai yarda ba. Mun shiga kar, babbar motar fasinja, a Damagaram ina da ƙafa biyu, muka sauka ina neman wanda ya tsinci ɗaya. Yaya ta jingina a kafaɗata tun daga Tasawa, ba nauyin komai, kamar na ɗauko ƙullin auduga.

Likitar mace ce, ba ta kai babbar 'yata ba a shekaru, Hausarta irin ta mutanen Tawa. Ba farar riga mai alƙalami uku, ba tabarau na ado. Ta gai da Yaya da "Inna", ta tambayi ci da barci da amai, sannan ta karɓi ambulan. Baƙaƙen hotunan da aka tara dattawa dominsu ko ɗaga su ba ta yi ba, ta zura hannu ƙasa ta zaro faifan sabon ambulan. Ta lalubi tsohon, ta girgiza shi, ta juye shi kan tebur. Ba faifai. Ta tambayi ina na farkon, ta ce ai ta gaya wa dattijon da ya kawo Inna tun zuwan farko, har sau biyu da Faransanci, cewa ya adana shi, kuma lalle a zo da shi wannan karon. Yaya ta dube ni, na dube ta. Ko kalma guda daga wannan saƙon bai fassara mata ba.

Don in huce takaici na ba likita labarin tsinken tsintsiya. Ta rufe baki da hannu, sannan ta ɗauki hotunan ta nuna min wani abu a gefen kowace taga, ɗan layi mai tsaga-tsaga kamar na ma'aunin tela. Ta ce wanda ya buga hoton yana iya faɗaɗa shi ko ya ƙanƙance shi yadda ya ga dama, shi ya sa ake sa wannan layin, don a san gwargwado. Sabon an faɗaɗa shi ne kawai. Wato ma'auni yana nan a jikin hoton, a gaban hancin Lokotoro, a ƙarƙashin tabaransa, shi kuwa ya tafi wajen tsintsiya.

Na ce to shi ke nan, ta auna da layin mana. Ta auna, ta ce tsawon tabon kusan ɗaya ne a duka biyun, bai ƙaru ba kamar yadda aka faɗa, amma ba za ta iya cewa ya ragu ba. Sai ta juyo da fuskar kwamfutarta wajena ta sa sabon faifan. Ta ce sikana yayyanka mutum take yi ba wuƙa, yanka-yanka sirara fiye da na albasa, ɗaruruwa, duka suna cikin faifai. Abin da ke kan baƙin hoto 'yan kaɗan ne da wani ya zaɓa. Ta riƙa murza wani abu da yatsa, na ga tabon yana fitowa ƙarami, ya girma, ya yi 'yan yatsu, ya sake ƙanƙancewa ya ɓace. Ta ce ciwon ba dunƙule ba ne kamar goriba, kamar citta yake, inda ka yanka shi ne faɗin da za ka gani. Ita abin da take yi, ta zagaye bakinsa a kowane yanka, na'ura ta haɗa duka ta faɗi yawan wurin da ya ci a huhun. A yi wa tsohon haka, a yi wa sabon haka, hannu ɗaya, hanya ɗaya, sannan a gwada. Wannan na gane shi tun kafin ta rufe baki. Ba wanda ke auna tsibin hatsi da taƙi ya ce ya san abin da ke ciki, sai an zuba a tiya.

Ta ce ba faifan farko, abin da za ta iya rubutawa shi ne kamar bai canza ba. Na maimaita wa Yaya, ko da yake ta ji da kunnenta. Ta gyara kallabi ta ce to ai magana ta ƙare, bai ragu ba, a nemo mana tikitin gida. Likita ta roƙe ta ta dakata kwana huɗu. Ta sa aka tambayi inda aka yi hoton farko ko suna da ajiya, aka ce na'urarsu ba ta riƙe na watannin baya, shi ya sa ake ba kowa nasa ya adana.

Na fita waje na kira Lokotoro. Da farko ya ce ba a ba shi wani faifai ba. Na ce Yaya ta gan shi da idonta. Ya ce to wannan ai kyauta ce da suke sawa a ambulan, tallar asibiti ce, shi ya yi aikin gwamnati ya san irinsu. Na ce likita ta ce ta gaya masa sau biyu. Ya ce yarinyar Faransancinta ba ya fita. Na tambaye shi ina faifan yake yanzu. Ya ce yana wuri mai kyau, ya kashe waya.

Mijin Yaya ne ya kira ni bayan azahar, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai tsegumi a masallaci. Ya ce faifan yana gonar wansa ta hanyar Gangara. Da hatsi ya fara ido jan-baki suka sauko, Lokotoro ya tattara duk wani abu mai ƙyalli a gidansa ya ɗaure da zare a kan sanduna, iska na juya su suna walƙiya, tsuntsaye na tsorata. Mako uku ke nan huhun Yaya yana gadin hatsin Lokotoro. Na zauna a kan dakalin asibiti na rasa dariya zan yi ko kuka. Mutumin da ya ce likitocin Yamai na neman shawararsa, abu guda da suka roƙe shi ya adana, ya rataye shi tsuntsu na yi masa kashi.

Na ce wa mijin Yaya ya je ya roƙi wansa. Ya ce ba zai roƙa ba. Na ɗauka tsoro ne ya hana shi, har na fara haɗa zagin da zan yi masa. Ashe wuƙa ya ɗauka ya hau jaki. Mutumin da tun haihuwarsa bai taɓa ƙetare maganar wansa ba ya shiga gonarsa da rana tsaka, ba sallama ba izini, ya tsinke zaren duk faifan da ya gani. Biyar ya samu. Rana ta cinye rubutun da ke jikinsu, shi kuma ba karatun boko ba, sai ya naɗe su duka a tsumma ya kai Damagaram da kansa, ya damƙa wa direban kar. An ce Lokotoro ya zo har ƙofar gida yana faɗa wai an bar masa gona tsirara, ƙanen ya ce masa ya je ya tsaya a ciki da farar rigarsa, ita ma tana ƙyalli. Ban ji da kunnena ba, amma ina fatan gaskiya ne.

Ranar da na kai wa likita ƙunshin, ta kwance shi da yatsa biyu. Rairayi ya kakkarce su, ga kashin tsuntsu ya bushe a kai. Ta goge kowanne da auduga a hankali. Na farko da ta sa, wani malami ne ya fara wa'azi kan haƙƙin maƙwabci. Na biyu 'yan kokawa ne a fili. Na uku ya yi ta kuka a cikin na'ura kamar tsohon injin niƙa, bai buɗe ba sam, ta cire ta sake gogewa ta mayar, ya ƙi. Nan gumi ya karyo min, don ba abin da ya hana ya zama shi ne.  Ta ajiye shi gefe ta sa na huɗu. Ya yi jinkiri, ya yi jinkiri, sai ga rubutu ya fito, ta karanta sunan Yaya.

Ta ce in ba ta zuwa gobe da safe, aikin ba na gaggawa ba ne, wasu yankan sun lalace amma na wajen ciwon suna nan.

Da safe Yaya ta ƙi shiga ofishin. Ta ce ta gaji da kallon cikinta, ta zauna kan benci a waje da jakarta a cinya, don ta riga ta haɗa kaya tun asuba, ko ta kwana ko ta tafi. Na shiga ni kaɗai. Likita ta jera hotuna biyu a fuskar kwamfuta, ciwon an shafa masa ja a kowanne, kamar citta biyu a faranti. Da idona ban ga wani bambanci ba, kuma ina alfahari da idona. Ta nuna min lambobi a ƙasa. Ta ce tsawon kaɗan ya ragu, wanda ko ita da ma'auni sai ta yi shakka, amma 'yan yatsun gefe sun janye, jikin ya motse. In aka haɗa duka, abin da ya tafi ya kai kashi ɗaya cikin huɗu.

Na ce wato ta warke. Ta ce a'a, kar in kai wannan maganar waje. Ta ce, "Baba, abin da munka gani shi ne magani ya kama shi, ya hana shi tafiya, ya ɗan rage shi. Irin wannan ciwon da wuya a tumɓuke shi. Amma in anka ci gaba, ina sa ran numfashinta ya yi sauƙi, ta ƙara samun kwanaki masu daɗi. In anka tsaya, zai koma inda ya fito ya wuce."

Tsakanin ƙofar ofishin da bencin bai fi taku goma ba, amma a cikinsu na auna maganganu sun fi buhu. Kashi ɗaya cikin huɗu, a bakina, ai abin kunya ne. Ni da na taɓa ba da labarin ƙanƙarar da ta kashe raƙumi a Falanko. Rabi ya zo min har kan harshe, ya zauna daram, ga shi da daɗin faɗa, kuma na san in na ce rabi za ta zauna ba musu. In na faɗi gaskiyar tana iya cewa bai kai wahalar ba, ta ɗauki jakarta, kuma ba ni da bakin hana ta.

Na zauna kusa da ita. Ba ta dube ni ba, ta ce in faɗa.

Na ce, "Yaya, in da tiya huɗu ne, yanzu saura uku. Ba warkewa ba ce, ta ce kar in ce miki warkewa ce. Ta ce da wuya ya tafi duka. Magani dai ya riƙe shi, in aka bari zai dawo."

 Wata mata ta wuce tana tura tsoho a keken marasa lafiya, Yaya ta bi su da ido har suka sha kwana. Sannan ta tambaye ni ko ukun a cike suke ko a shafe. Na ce ban tambaya ba, amma zan iya komawa. Ta ce in bari.

Ta ce, "Duk wutar nan da na sha, tiya guda."

Na ce guda.

Ta juyo ta ƙare min kallo, irin kallon da take min ina yaro in na dawo da riga a yage. Ta ce tun da ta san ni ban taɓa kawo mata labari ƙarami haka ba, don haka ta yarda. Ta sauke jakar daga cinya ta tura ta ƙarƙashin benci da ƙafa. Ta ce in je in tambayi yarinyar ko yau za a sa ruwan ko sai gobe, kuma a gaya wa mai sa allurar ta nemi hannun hagu, na dama jijiyoyinsa sun gaji.

Ranar aka sa. Na zauna gefen gadon ina riƙe mata roba saboda amai, ruwan na ɗiga ɗaya-ɗaya, ita ta rufe ido. Can ta ce, ba tare da ta buɗe su ba, in kira mijinta in ce masa ba yanzu za ta dawo ba.